Dalilin Da Ya Sa Aka Rage Wa Mashi Nisa

A shekarar 1984, a birnin Balin, wani ɗan wasan Jamus ta Gabas mai suna Uwe Hohn ya jefa mashi har mita 104.80. Hankalin shugabannin wasanni ya tashi, domin in aka ci gaba haka, wata rana mashi zai tsallake fili ya faɗa kan jama'a.

To, me ke kai mashi nesa haka? Babban abu shi ne saurin da ya bar hannu da shi. Mai jifa yakan sheƙo da gudu, sa'an nan ya kafe ƙafarsa ta gaba ya turje. Nan take ƙarfin gudun sai ya bi ta kwankwaso da kafaɗa ya taru a hannu, kamar yadda bulala ke tara ƙarfinta a baki. Gwanaye sukan saki mashi da saurin da ya wuce kilomita 100 a sa'a.

Daga nan sai iska ta riƙa tallafarsa, nauyinsa kuwa yana jansa ƙasa. Wanda ya rinjaya shi ke yanke inda zai sauka.

Da wannan sanin aka yi wa abin magani. A 1986 aka matsar da tsakiyar nauyin mashin maza gaba da santimita 4, don bakinsa ya riƙa sunkuyawa da wuri ya kafe a ƙasa. Tun daga nan ba wanda ya sake kai mita 100. Wanda ya fi kusa shi ne Jan Zelezny na ƙasar Cek, da mita 98.48 a 1996.