Yauƙin Kwami da Tsohon Magani

Manoma da masu kiwo na ƙasar Wamakko, in kun kai shanu ko jajayen awaki shan ruwa, ku shafa cikin kwami da yatsa. Za ku ji wani yauƙi mai santsi. Haka cikin kaskon ruwan kaji, da ƙwaryar tatsa wadda ba ta wanku sosai ba.

Wannan yauƙi gida ne da ƙwayoyin cuta suka gina. Sukan manne wuri guda, su fid da wani abu kamar ƙaro su lulluɓe kansu. In sun shige ciki, magani ba ya ratsa su da sauƙi. Masana sun gwada, sun ga wani lokaci sai an ninka magani sau 100, har zuwa 1,000, kafin ya kashe su. Yana cikin dalilan da kan sa saniya mai ciwon hantsa ta sha allura, kumburi ya faɗa, bayan 'yan makonni ya komo, nono ya ragu.

To, ƙirƙiro sabon magani yakan ci fiye da shekara 10, da kuɗi mai ɗimbin yawa. Don haka masana suka koma kan magungunan da ke hannu. A 2013 waɗansu masana a Rum, ƙasar Italiya, suka jarraba niclosamide, watau tsohon maganin tsila. Suka tarar yana toshe hanyar da wata irin ƙwayar cuta ke aika wa 'yan'uwanta saƙo, har ginin yauƙin ya ragu. An kuma jarraba asfirin a kan waɗansu ƙwayoyin.

Amma ku lura ƙwarai. Yawancin wannan aiki a ɗakin gwaji aka yi shi, ba a garke ba. Kada wani ya ji labari ya sayi maganin tsutsa a kasuwa ya zuba cikin ruwan dabbobi. Asarar kuɗi ce, kuma yana iya yi wa dabba lahani.

Abin da ke hannunmu shi ne soso, da toka ko sabulu, da rana. Ɗauraya kaɗai ba ta fid da yauƙi, sai an dirza. A wanke kaskon kaji kullum, a zuba wa ƙwarya tafasasshen ruwa, a shanya ta bushe. Saniya mai kumburin hantsa a tatse ta daga ƙarshe, a kuma kira malamin dabbobi tun da wuri.

Allah ya yi wa garke albarka.