Kafin ka tambayi kuɗin kwamfuta, tambayi mai gyaranta

Saura mako uku ’yar ƙanwata ta miƙa kundin bincikenta na kammala digiri, sai ga kiranta bayan sallar Asuba, muryarta na rawa. “Kawu, kwamfutar ta ƙi tashi.” Sabuwa dal aka sayo ta wata biyar da suka wuce, da kuɗin adashin da mahaifiyarta ta yi shekara tana zubi. Babi huɗu na aikin suna cikinta, kuma ban da na farko da ta aika wa malaminta, babu wanda ta kwafe a wani wuri.

Muka ɗauke ta sai shagon da aka sayo ta. Mai shagon ya karɓe mu da fara’a, ya duba rasit, sannan ya nuna mini ɗan rubutun da ke ƙasansa: garantin shago mako biyu ne. Na ce ai a jikin kwalin an rubuta shekara guda. Ya ce, “Malam, wannan na kamfani ne, kamfanin kuwa ba a nan yake ba.” Daga nan muka nufi wurin mai gyara. Da ya kwance ta sai ya kira ni in gani da idona. Ma’adanar bayananta ba irin wadda ake zarewa ba ce, wani ɗan guntu ne da aka liƙe da dalma a jikin babban allon cikinta. Allon ya ƙone, aikin yarinya ya bi shi. Da kwamfutar aro ta sake rubuta babi uku, ba dare ba rana.

A ranar na yi wa ƙanwata faɗa, na ce araha ba ta ado. Ashe ni ma nawa darasin yana tafe. Bayan shekara guda na sa wani aboki ya sayo mini wata mai tsada daga ƙasar waje, siririya kamar littafin rubutu. A wata na goma fuskarta ta fara zane-zane, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Garantinta bai ƙare ba, don haka na rubuta wa kamfanin. Suka amsa cikin ladabi, suka ba ni haƙuri, suka ce garantin yana aiki ne a yankin da aka saye ta kawai, sai dai in mayar da ita can. Masu gyara na gida kuma suka ce fuskar a manne take da murfin, babu irinta a kasuwa. Wata uku na yi ina jiran a kawo daga Sin. Duk tsawon lokacin nan, da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu da na bar wa yara nake aiki, kuma ko sau ɗaya ba ta ba ni kunya ba.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina: shin idan mutum ya ƙara kuɗi, me yake saye?

A shekarar 2009, kamfanin SquareTrade na Amurka, wanda ke sayar da inshorar na’urori, ya fitar da nazari a kan kwamfutocin tafi-da-gidanka fiye da 30,000. Ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na samun matsala a cikin shekara uku, kashi biyu cikin uku na matsalolin daga na’urar kanta, sauran kuma haɗari ne irin faɗuwa ko zubar ruwa. Da aka raba su bisa farashi, an ƙiyasta cewa kimanin kashi 25 cikin 100 na ƙananan nan mafiya araha za su lalace da kansu a shekara uku, matsakaita kimanin kashi 21, masu tsada kuma kashi 18. Nazarin ya tsufa, kuma mai sayar da inshora ne ya yi shi, amma darasinsa bai tsufa ba. Tsada tana rage haɗari, sai dai ba da yawa ba. Wanda ya ninka kuɗi bai ninka kwanciyar hankali ba.

Akwai dalili. Yawancin kamfanonin da muke ganin tambarinsu a murfi ba su ne ke haɗa na’urorin da hannunsu ba. Kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron ne ke ƙera mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka na duniya bisa kwangila, mai araha da mai tsada. Kayan ciki ma daga hannun ’yan tsirarun masana’antu suke fitowa. Shi ya sa idan aibi ya shigo, ba ya duba farashi. A 2006, Dell ya janye batura miliyan 4.1 da Sony ya ƙera saboda haɗarin kamawa da wuta, Apple ma ya janye miliyan 1.8. A 2015 Apple ya fito da wani sabon salon madannai a kwamfutocinsa, waɗanda ba a taɓa kira masu araha ba, sai ga shi ƙwayar ƙura na iya hana harafi aiki. Kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya watsar da salon, sannan a 2022 ya amince ya biya Dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Mai karatu ya kwatanta wannan madannan da hazon hunturu a Kano ko Sakkwato.

Sai dai waɗannan labarai suna da fuska ta biyu. A kowanensu an samu wanda ya amsa laifi, aka canza kaya ko aka biya diyya. Wannan shi ne babban abin da mai sayen kwamfuta mai tsada yake biya: alƙawarin cewa in ta lalace akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Amma alƙawarin yana da iyakar ƙasa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kaya na aƙalla shekara biyu. Mu kuwa yawancin abin da ke kasuwarmu ’yan kasuwa ne suka sayo daga Dubai ko Sin ko Amurka, ba ta hannun wakilan kamfani ba. Mun biya kuɗin ƙofar, amma ƙofar tana wata nahiyar.

Ga abin da na fahimta daga bakin masu gyara, wanda ba a rubuta shi a talla. Bambancin da ya fi na farashi muhimmanci shi ne wanda aka ƙera wa na’urar. Kowane babban kamfani yana da jerin na gida da jerin na ofis: Lenovo yana da IdeaPad da ThinkPad, HP ya daɗe da Pavilion da EliteBook, Dell ya daɗe da Inspiron da Latitude. Na ofis bankuna da ma’aikatu ne ke sayensu dubbai a lokaci guda, galibi da yarjejeniyar kulawa ta shekara uku. Tun da kuɗin tura mai gyara a wuyan kamfani yake, dole ya ƙera na’urar da ƙarfi, kuma yadda za a buɗe ta da sukudireba a canza batir ko fanka ko ma’adana cikin ’yan mintoci. Har littafin kwancewa da haɗawa suna sakawa kyauta a intanet.

Idan wa’adin ya cika, ofisoshin can sukan sallame su, su biyo jirgi zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, daga nan su watsu zuwa Banex a Abuja da titin Beirut a Kano da sauran garuruwa. Da yake iri ɗaya ne suke zuwa da yawa, kayan gyaransu a wadace suke, kuma yaran shago sun haddace cikinsu. A ƙasarmu, wannan matashin da ke zaune da ƙarfen liƙi a lungun kasuwa shi ne sashen kula da abokan ciniki na gaskiya. Kwamfutar da ya sani kuma yake da kayanta, ita ce mai garanti.

Ba ina cewa duk ta hannu alheri ba ce. Batirinta ya sha aiki, wata an yi mata kwaskwarima an ɓoye ciwonta, wata kuma tana ɗauke da kalmar sirrin tsohon ofishinta. Akwai kuma batun manhaja. Microsoft ya sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, shi kuwa Windows 11 a ƙa’ida ba ya karɓar injin Intel da ya gaza ƙarni na takwas. Duk wanda zai sayi ta hannu ya duba wannan, kada ya sayi abin da aka riga aka yi wa ritaya.

Kada mu manta da namu laifin. Wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da janareta mai hawa da sauka, da jabun caja, sun kashe kwamfutoci masu yawa, kuma garantin kamfani ba ya ɗaukar irin wannan asara. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar da ke toshe fanka, ga mu da ɗora na’ura a kan katifa ta kasa numfashi. Mai tsada ma ba ta jure wannan.

Saboda haka, ɗalibin da zai shiga kasuwa ya fara da teburin mai gyara kafin kantar mai sayarwa. Ya tambaya: wannan samfurin kana da fuskarsa da batirinsa? Ma’adanarsa tana zaruwa? Ana iya ƙara masa RAM? In sabuwa ce, ya shigar da lambar jikinta a shafin kamfanin tun yana shagon, zai ga ko garantin yana raye da kuma ƙasar da aka yi wa rajistarsa. Ya sa a rubuta lambar da tsawon garantin a rasit. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi, amma wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana.

Kira na ga gwamnatoci da jami’o’i da masu cibiyoyin jarrabawar JAMB, waɗanda ke sayen kwamfutoci da ɗaruruwa: ku daina ba da kwangila ga mafi araha ido rufe. Ku sa sharaɗin gyara da kayan gyara a cikin takardar, da sunan wanda za a kira. Ɗakunan kwamfuta nawa ne a makarantunmu suka zama maƙabarta saboda abin da bai kai ya kawo ba?

Hausawa suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Gaskiya ne, amma nagari a nan shi ne wanda in ya kwanta akwai mai tashinsa a garinku. ’Yar ƙanwata ta gama karatunta, yanzu da wata tsohuwar kwamfutar ofis take aiki. Kowace Juma’a kuma takan kwafe aikinta a filasha, ta kuma aika wa kanta ta imel. Wannan garantin ne kaɗai ba ta biya ko kwabo ba, kuma shi ne bai taɓa ce mata kamfanin ba a nan yake ba.