Kar Ki Raina Kwas Ɗin Da Aka Ba Ki

Ranar da ƙanwata ta samu gurbi a jami'a kuka ta wuni yi, wai ita lauya take son zama aka ba ta Soshiyoloji. Baba kuwa cewa ya yi in dai karatun ba shi da aiki, gara a yi mata aure. Ni da na tsaya a sakandare abin ya dame ni, sai na shiga tambaya.

Ashe ilimin zamantakewar al'umma ne, ɗan uwansa kuma Kiriminoloji, wato nazarin laifuka da dalilansu. Mai wannan digiri tana iya aiki a ofishin jin daɗin jama'a, inda ake sasanta ma'aurata, a kula da marayu. Ga NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da aka kafa a 1989, ga NAPTIP mai hana safarar mutane tun 2003. Gidajen yari ma, da suka koma na gyaran hali a 2019, mata ke kula da ɓangaren mata.

Da na zayyano wa Baba, shiru ya yi, can ya ce, "To, ta je ta yi rajista." Ke ma 'yar uwa, yi tambaya kafin ki yi kuka.