Kafin a cire wa tsohuwar motarka tamostat

Duk direban da ke jigila tsakanin Nima da Circle da tsohuwar Benz 207 ya san wannan magana: da zarar allurar zafi ta fara hawa, sai makaniki ya ce a cire tamostat a yar, wai don ƙasashen sanyi aka yi ta. Ni dai ban yarda ba.

Tamostat 'yar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. A cikinta akwai kaki, idan ruwa ya yi zafi sai ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. Yawancinsu suna fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 90, lambar kuma tana jikin ƙarfen. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya riƙa cin kansa. A injinan Benz abin ya fi haka muni, domin tamostat ɗinsu tana da faifai na biyu a ƙasa mai toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In babu ita, wani ruwan zagaye kawai zai riƙa yi bai leƙa lagireto ba, motar ta tafasa a cunkoson Maamobi.

Idan za ka Abossey Okai, tafi da tsohuwar a hannu. Lamba ta zo ɗaya, faɗi ɗaya, faifan ƙasan ma ɗaya. Kafin a ɗaura, jefa ta a tukunya bisa wuta: ya kamata ta buɗe tun ruwa bai tafasa ba, ta rufe idan ya huce.

Sau da yawa ma laifin na ruwa ne. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin gasari ya toshe lagireto. Inda gangar inji ƙarfe ce kanta kuma alminiyam, ruwa zalla yana sa ɗaya ya ci ɗaya, har gasket ya ƙone. A wanke hanyoyin ruwan, a zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, a gauraya shi da tataccen ruwa irin na batir yadda aka rubuta a jarkar, a canza duk shekara biyu. Murfin lagireto ma a duba robarsa, in ta tsage ruwa zai tafasa da wuri ko da tamostat sabuwa ce.