Abin da ke hana bidiyon kyamara buɗewa a manhajar tace fim, da yadda ake warware shi

An gama ɗaukar biki ko wata fitowa ta fim, jama'a sun watse, an mayar da kyamarar haya ga mai ita. Da dare mai tacewa ya zuba aikin a kwamfuta, sai manhaja ta turje: wani fayil ya ƙi buɗewa, wani ya buɗe babu sauti, wani kuma hoton yana tafiya yana cijewa. Ga masu shirya fina-finan Kannywood da masu ɗaukar bukukuwa da 'yan jaridar talabijin, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Fitowar fim ana iya sake ta da ƙarin kuɗi, amma ɗaurin aure ko jawabin da aka yi a taro ba a maimaita su.

Sau da yawa bidiyon da aka ɗauka lafiyarsa ƙalau. Matsalar takan taso ne daga yadda aka kwafe shi, ko irin matsin da kyamara ta yi masa, ko sigar manhajar da ake aiki da ita, ko ƙarfin kwamfutar. Wanda ya san alamar kowanne yakan gano bakin zaren cikin 'yan mintoci.

Katin kyamara ba tarin bidiyo ba ne kawai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buɗe kati, a tsinci fayilolin bidiyo kaɗai a kwafa, a bar sauran jakunkuna da zaton shara ce. Manyan kyamarori suna rubuta aiki ne a cikin tsari, kowace jaka da amfaninta.

A tsarin AVCHD, wanda kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, bidiyon yana cikin jakar STREAM, amma bayanin yadda guntayen suke haɗuwa yana cikin jakunkunan CLIPINF da PLAYLIST. A katin P2 na Panasonic, hoto yana cikin jakar VIDEO, sauti kuma yana cikin jakar AUDIO. Wanda ya kwafi ta farko ya bar ta biyu, bidiyo marar sauti zai samu. Kyamarorin XDCAM EX na Sony kuwa suna ajiye komai a cikin jakar BPAV, kuma sauya sunan wani abu a cikinta yana iya hana manhaja gane katin.

Akwai kuma batun tsinkewar doguwar ɗauka. Katin SDHC, wanda girmansa bai wuce gigabait 32 ba, yana amfani da tsarin ajiya na FAT32, wanda ba ya riƙe fayil guda da ya haura gigabait 4. Kyamarar da ke ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa tana cika wannan ma'auni cikin kusan minti biyar da rabi, sai ta buɗe sabon fayil ta ci gaba. Idan aka shigar da guntayen ɗaya bayan ɗaya da hannu, akan ji sauti ya yanke ko hoto ya yi tsalle a wurin mahaɗa. Idan kuwa an kwafi katin ɗungurungum, aka shigar da shi ta sashen Media Browser na Premiere Pro ko ta manhajar kamfanin kyamarar, irin su Catalyst Browse ta Sony, manhajar za ta karanta bayanin ta haɗe guntayen wuri guda.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a kwafi katin baki ɗayansa zuwa jaka mai kwanan wata da lambar kati, kada a taɓa komai a ciki. Wannan yana magance wata matsalar ma. Kyamarori da dama suna sake fara lissafin suna daga farko bayan an goge kati, ta yadda za a samu fayiloli biyu masu suna 00000.MTS ko C0001.MP4. Idan suka haɗu a jaka ɗaya, ɗaya zai danne ɗaya, ko manhaja ta ɗauko bidiyon jiya ta sa a gurbin na yau.

Mazubi daban, abin da ke ciki daban

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk fayil mai ƙarshen MP4 iri ɗaya ne. Ba haka abin yake ba. MP4 da MOV da MXF mazubai ne kawai, kamar kwano. Abin da ke cikin kwanon shi ne kodek, wato dabarar da aka bi wajen matse hoton don ya rage nauyi, kamar H.264 da H.265 da ProRes da DNxHD. Manhaja tana iya sanin kwanon amma ta kasa cin abin da ke ciki. Alamar haka ita ce a ji sauti yana fita amma allo baƙi ƙirin, ko a ga saƙon cewa ba a gane tsarin fayil ɗin ba.

Ƙaramar manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce, tana bayyana kodek da zurfin launi da adadin hotuna a daƙiƙa na kowane fayil. Da ita ya kamata a fara bincike. Misali, kyamarorin Sony A7S III da Canon EOS R5, waɗanda suka fito a 2020, suna iya ɗaukar H.265 mai zurfin launi na bit 10 da tsarin 4:2:2. Sigar kyauta ta DaVinci Resolve a kan Windows ta daɗe ba ta buɗe irin wannan fayil, alhali sigar Studio ta kuɗi tana buɗewa. Haka kuma ɗanyen bidiyo na Blackmagic RAW yana buƙatar a saka ƙarin manhaja daga kamfanin kafin Premiere Pro ya gane shi.

Idan babu halin sayen sigar kuɗi, mafita ita ce a juya bidiyon zuwa kodek na tacewa, wato ProRes na Apple ko DNxHR na Avid, ta amfani da Shutter Encoder ko FFmpeg, waɗanda dukansu kyauta ne. Sai dai a tanadi wurin ajiya: awa ɗaya ta ProRes 422 mai girman 1080 tana cin fiye da gigabait 50.

Sabuwar kyamara, tsohuwar manhaja

Manhajar da aka rubuta kafin fitowar kyamara ba za ta san tsarinta ba. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi cutar masu tsofaffin ayyuka. A 2011 kamfanin Apple ya maye gurbin Final Cut Pro 7 da Final Cut Pro X, a 2016 ya daina tallafa wa QuickTime a kan Windows, sannan a 2019 tsarin macOS Catalina ya daina gudanar da manhajojin bit 32. Da wannan, tsofaffin manhajojin shigar da bidiyo da wasu kodek da suka dogara da QuickTime 7 suka daina aiki a sababbin kwamfutoci. Duk mai tsofaffin fina-finai a ajiye zai kyauta wa kansa idan ya juya su zuwa tsarin zamani tun yana da na'urar da ke buɗe su.

Darasin da ke cikin wannan shi ne kada a sabunta manhaja ko tsarin kwamfuta a tsakiyar aiki. A jira a miƙa aikin tukuna.

Faifan ajiya ma yana da nasa. Kwamfutar Mac tana karanta faifan NTFS na Windows amma ba ta rubutu a kansa, Windows kuma ba ya karanta APFS na Mac sai da ƙarin manhaja. Tsarin exFAT yana aiki a dukansu biyu, amma ya fi saurin lalacewa idan aka zare shi ko wuta ta ɗauke ana cikin rubutu.

Hoto na cijewa, sauti na zamewa

Idan fayil ya buɗe amma yana tafiya da ƙyar, yawanci nauyin warware matsi ne ya fi ƙarfin kwamfutar. H.264 da H.265 sukan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan su rubuta bambancin da ke tsakaninsa da na gaba kawai. Don nuna hoto guda, sai kwamfuta ta lissafa waɗanda ke kewaye da shi. Maganin shi ne kwafin wakili: manhaja ta yi ƙaramin kwafi marar nauyi a yi tacewa da shi, idan an zo fitar da aiki ta koma kan na asali. Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut Pro duk suna da wannan tsari.

Sauti da ke fara daidai da motsin baki sannan ya riƙa zamewa a hankali yana nuna cewa adadin hotuna a daƙiƙa ba tsayayye ba ne. Wayoyin hannu sun fi yin haka. Ana gyara shi da HandBrake, a mayar da adadin ya tsaya wuri ɗaya. Ya kamata kuma duk kyamarorin da ke aiki guda su ɗauka da adadi ɗaya. A Nijeriya da Nijar, inda lantarki ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, hotuna 25 ko 50 a daƙiƙa sun fi dacewa, domin 30 ko 60 na iya sa hasken ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa a bidiyo.

Fayil da ya lalace da gaske

Fayil ɗin MP4 ko MOV yana da wani ɗan kundi da ke nuna inda kowane hoto yake, kuma kyamara takan rubuta shi ne a lokacin da aka tsayar da ɗauka. Idan batir ya mutu ko aka zare kati kafin nan, bidiyon yana nan amma babu kundin, don haka ko VLC ba zai buɗe shi ba. Abin yi shi ne a kulle katin, a yi kwafinsa, sannan a buɗe makullin a mayar da shi cikin kyamarar da ta ɗauka, domin wasu kyamarori sukan nemi izinin gyara da kansu. Idan hakan bai yi ba, manhajar Untrunc tana sake gina kundin ta hanyar koyi da wani lafiyayyen fayil da kyamarar ta ɗauka da saiti iri ɗaya. Kada a sake ɗaukar komai a katin har sai an ceto aikin.

Jabun kati ma yana jawo irin wannan asara: yana nuna girman da ba shi da shi, sai ya riƙa zubar da abin da aka rubuta bayan ya cika. Manhajar H2testw tana auna ainihin girman sabon kati. Alamomin V30 da V60 da V90 da ke jikin kati kuwa suna nuna mafi ƙarancin megabait da yake rubutawa a daƙiƙa, kuma littafin kowace kyamara yana faɗin wanda take buƙata.

Rigakafi ya fi magani

Kwafa ta ja-ka-ajiye ba ta tabbatar da cewa abin da ya isa daidai yake da abin da ya taso. Manhajoji irin su ShotPut Pro da TeraCopy da sashen Clone Tool na DaVinci Resolve suna lissafa lambar tantancewa ga kowane fayil a kati da kuma a faifai, su gwada su. Idan lambobin suka saɓa, an samu tangarɗa a hanya, wataƙila daga kebul ko na'urar karanta kati. Inda wuta ba ta da tabbas, yin kwafa da kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji ya fi aminci.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a ajiye shi a wani wuri daban. Ba a goge kati sai an buɗe aikin a manhajar tacewa, an kalli farko da tsakiya da ƙarshen kowace ɗauka, an kuma ji sautinta. Idan an zo gogewa, a yi a cikin kyamara, domin ita ce ke shimfiɗa jakunkunan da za ta rubuta a kansu. Wanda zai yi aiki da kyamarar da bai saba da ita ba kuwa, ya ɗauki gwajin minti ɗaya tun ana gobe aiki, ya shigar da shi a manhajarsa ya gani da idonsa.