Me ya sa masana ke ƙera mutum-mutumi mai ƙafa shida?

Kyankyaso ƙwaro ne da ba a maraba da shi a kowane gida, to amma masana kimiyya sun shafe shekaru suna nazarin tafiyarsa, domin ƙera ƙananan na'urori masu ƙafa shida da za su iya shiga inda ɗan Adam ko abin da ke tafiya da taya ba za su iya ba.

Ɗaya daga cikin manyan burikan masanan shi ne ceton rai. Idan girgizar ƙasa ta rushe gini, masu aikin ceto na buƙatar sanin inda mutane suka maƙale a ƙarƙashin ɓaraguzai kafin lokaci ya ƙure.

Sirrin ƙafa shida

A yayin da ƙwaro ke sauri, yakan ɗaga ƙafafu uku, ya bar uku a ƙasa: ta gaba da ta baya a ɓangare guda, da kuma ta tsakiya a ɗaya ɓangaren. Daga nan sai ya sauya.

Kamar yadda tukunya ke zama daram a kan duwatsun murhu uku, haka jikin na'urar ke tsayawa ba tare da tangal-tangal ba. Wannan ne ya sa sarrafa ta ya fi sauƙi a kan mai ƙafa biyu, wadda kullum take fama da neman daidaito don kada ta faɗi.

Daga Genghis zuwa CRAM

A shekarar 1989 ne Rodney Brooks na cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka ya gabatar da Genghis, mai nauyin kimanin kilo 1, da ƙananan injuna 12. Maimakon a tsara masa taswirar wurin da yake, an ba ƙafafunsa ƙa'idoji masu sauƙi, kamar ɗagawa sama idan sun ci karo da wani abu.

A farkon shekarun 2000 aka fito da RHex, wanda kowace ƙafarsa inji guda ke juya ta, amma yana ratsa duwatsu da taɓo.

A 2016 kuma, Kaushik Jayaram da Robert Full na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gano cewa kyankyaso na iya kutsawa cikin tsagar da ba ta wuce milimita 3 ba. Sai suka ƙera CRAM, mai girman tafin hannu, wanda ke iya matse jikinsa zuwa rabin tsayinsa ya ci gaba da tafiya.

Yadda ake haɗa su

A yau ɗalibai da masu sha'awar ƙere-ƙere ma na haɗa irin waɗannan na'urori. Galibi ana sanya ƙananan injunan lantarki uku a kowace ƙafa, wato 18 ke nan, sannan a haɗa su da batir da ƙaramar kwamfuta irin su Arduino ko Raspberry Pi.

Aikin da ya fi wuya shi ne lissafi: dole kwamfutar ta san yadda za ta lanƙwasa kowace gaɓa domin ƙafa ta sauka daidai inda ake so.

Da sauran aiki

Babbar matsalar ita ce wutar lantarki. Yawan injuna na saurin cinye batir, idan kuma aka ƙara girman batirin sai nauyi ya ƙaru.

Haka kuma saƙon rediyo ba ya ratsa kankare da ƙarfe cikin sauƙi, don haka na'urar na iya gano mutum amma ta kasa sanar da masu ceto.

Saboda haka, har yanzu karnuka da na'urorin sauraren motsi su ne ginshiƙin aikin neman waɗanda gini ya danne, yayin da masana ke ci gaba da koyon darasi daga ƙwari.