Ciwon hanta B mai ɓuya: yaro ya cika rigakafi, amma ƙwayar ta laɓe

Jama'a, tambaya ce da ta shafi gidaje da yawa: uwa tana ɗauke da ciwon hanta B, ta kai ɗanta duk allurai, karne ya cika, an yi masa gwajin nan na ɗiga jini a likita an ce ba komi. Shi ke nan an rabu da zancen? Galibi e. Amma ba kullum ba.

Gwajin da muka saba da shi, wanda ake rubutawa Ag HBs a takarda, ba ƙwayar cutar yake gani ba, rigarta yake nema cikin jini. To akwai yaran da ƙwayar ke shiga hantarsu ta lafa, tana hayayyafa kaɗan-kaɗan, har rigar ba ta isa gwaji ya kama ta ba. Wani lokaci kuma ƙwayar ce ta sake kama, gwajin bai gane ta ba. Wannan shi likitoci ke kira ciwon hanta mai ɓuya. Sai gwajin PCR, mai neman asalin ƙwayar, ke iya tono shi, kuma ba a CSI na ƙauye ake yin sa ba, sai manyan ɗakunan bincike.

Yaya aka yi ta riga allura? Nan ne gizo ke saƙa. Allurar penta, wadda ke da kariyar ciwon hanta B a ciki, ana yin ta a sati 6, da 10, da 14. Ita kuwa ƙwayar, ranar haihuwa take samun jinjiri ta jinin uwa, wani sa'in ma tun yana ciki idan ta yi yawa a jikin uwar. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a yi wa jariri allura ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuwa mun san halinmu: a haihu a ɗaki, a jira suna, wata ma sai ta yi arba'in kafin a ga likita. Sati 6 ba wasa ba ne wurin ƙwayar da ta samu fili. Jaririn da ya kamu ba kariya, kusan 9 cikin 10 cutar na zama jikinsu har girma.

Kada wani ya ce ashe rigakafin banza ne. Mafi yawan yaran da aka yi wa allura kan lokaci sun tsira sarai. Mai ɓoyayyar ma, yawanci lafiyarsa lau, ba shawara, ba kumburin ciki. Abin tsoron yana gaba: ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, ko ta sida ko ta maganin sankara, ƙwayar na iya farkawa ta ci hanta. Kuma jininsa, in ya girma ya ba da shi taimako, yana iya ɗauke da ita. Don haka a riƙa faɗa wa likita cewa uwar yaron nan tana da ciwon, ko bayan shekara nawa ne.

Mai ciki ta nemi gwajin ciwon hanta wurin awo. In an samu ƙwayar da yawa, akwai magani, tenofobir, da ake sha a watannin ƙarshe don rage ta kafin haihuwa. Ta haihu a likita, a tambayi ungozoma allurar ranar farko tun kafin a sallame su. Nono kuwa a ci gaba da bayarwa, ba shi ne hanyar ba. A sa ido ga askar wanzami wurin cire beli da kaciya: kowane yaro da tasa.

'Yan'uwa da ke Agadas, Kwatano, Akkara ko Libiya, masu aiko kuɗin ragon suna: a aiko da na awo da na motar zuwa likita tun ciki yana wata 6.